Bayani a Kan Kwantaccen Ciki da Suturar Musulmi

Da sunan Allah nake farawa, gare Shi nake neman taimako. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa ma'abota wuridi, wannan 'yar takarda ce a kan mas'alar cikin da ake cewa ya kwanta. Mace ce mijinta ya sake ta ko ya rasu, shekara biyu ko uku suka shuɗe, sai aka gan ta da ciki, ta ce na wancan mijin ne, kwanciya ya yi sa'an nan ya tashi. Iyayenmu suna ce masa kwantacce, malaman Magrib suna ce masa raƙid. Likitocin zamani kuwa sun ce ba ya yiwuwa. To wa za mu bi, kuma in mun bi, mene ne makomar matar da ɗanta?

Ka sani, ya kai muridi, mafi ƙarancin muddar ciki wata 6 ne, malamai sun haɗu a kan wannan. Sun ciro shi daga ayoyi biyu, ɗaya ta ba ciki da yaye wata 30, ɗaya ta ba shayarwa shekara biyu cikakku. Ɗebe 24 daga 30, saura 6. Amma mafi tsawon mudda babu ayar da ta iyakance shi, don haka suka rarrabu. Imamu Abu Hanifa ya ce shekara 2, ya dogara ga maganar da aka ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita. Shafi'i da Ahmadu suka ce 4. A mazhabarmu 4 ne ko 5, Shehu Halilu ya kawo su duka biyu cikin Muhtasar, ya bar su a kan saɓani. An ruwaito Imamu Maliki ya kafa hujja da maƙwabciyarsa, matar Muhammadu ɗan Ajlana, mace mai gaskiya a gidan mai gaskiya, wadda ta yi ciki uku cikin shekara 12. Lura da kyau. Hujjar duka ita ce abin da mata suka faɗa game da jikinsu, aka gaskata su, domin a wancan zamani babu mai iya leƙa mahaifa.

Kada ka zaci sai da Turawa suka zo aka fara shakka. Muhammadu ɗan Abdulhakam, Bamalike ne na Masar, ya ce shekara guda. Ibnu Hazmi na Andalus, wanda ya rasu a 456 ta Hijira, ya ce wata 9 kawai. Ibnu Rushdi jika, wanda ya rasu a 595, alƙali ne kuma likita, ya bayyana cikin Bidayatul Mujtahid cewa wannan mas'ala ana mayar da ita ga al'ada da jarrabawa, kuma maganar waɗannan biyu ta fi kusa da abin da aka saba gani.

Yau jarrabawar ta yi yawa. Likitoci suna ƙirga kwana 280 daga farkon jinin ƙarshe, mako 40 ke nan. In ciki ya wuce mako 42 mabiyiya takan fara rauni, abincin ɗa ya ragu, a ji masa tsoron mutuwa. Kuma sun gano abin da yake ruɗar mata. Wata jininta ya ɗauke saboda shayarwa, sai ta sami ciki daga baya, ta ƙirga tun daga ɗaukewar farko. Wata ɗan ya mutu a ciki bai fita da wuri ba. Wata ƙari ne a mahaifa. Wata tsananin son haihuwa ne ya kumbura mata ciki har tana jin motsi, alhali babu kome. Babu maƙaryaciya a cikin waɗannan. A kan irin wannan sani Masar ta yi doka a 1929 bayan ta nemi shawarar likitoci, ta iyakance shekara guda, Maroko ta bi ta a dokar iyali ta 1957 da 1958. Dokar Faransa ta 1804 ta tsaya a kwana 300, mafi ƙaranci kuwa 180, wato wata 6 ɗin nan namu.

Abin da nake gani, maganar likitoci gaskiya ce, mu karɓe ta. Ba ya kamata ga mai neman Allah ya riƙe abin da ido ya ƙaryata don kawai ya gada daga kakanni, kuma fukaha'u da kansu sun gina wannan hukunci a kan abin da aka gani. Riƙe shi ma yana da cuta. Mace mai ƙari ta zauna shekaru tana shan saiwa tana jiran kwantacce ya tashi, har ciwo ya ci ƙarfinta. Irin wannan asibiti za a kai ta, a ɗauki hoton cikin.

Amma wanda ya tsaya nan ya ɗauki rabin mas'ala ya bar rabi. A cikin limamai huɗu, Maliki ne ya ce bayyanar ciki ga macen da ba ta da miji hujja ce ta zina, sai in ta zo da alamar an tilasta ta. Sauran uku, a mashahurin zancensu, ba su tsayar da haddi da ciki kaɗai ba, sai da iƙirari ko shaidu huɗu. To mazhabar da ta fi tsanantawa a nan ita ce ta fi yalwatawa a can. Ta buɗe ƙofar tuhuma da faɗi, ta kuma buɗe ƙofar fita da faɗi, shekara biyar cur. In ka toshe ta biyu da sanin likita ka bar ta farko a hangame, ka yi wa mata wani gini wanda Maliki bai yi ba. Kuma nauyin a kan mace kaɗai yake sauka, domin jikin namiji ba ya ba da shaida a kansa.

An ga wannan a ƙasarmu. A watan Maris na 2002 kotun shari'a a Bakori ta yanke wa wata bazawara hukuncin jifa saboda ta haihu ba miji. Ba zan rubuta sunanta ba, zancen sutura muke yi. Mutumin da ta ambata ya musa, ya yi rantsuwa, aka sallame shi. Kotun Funtuwa ta tabbatar da hukuncin. Sai ranar 25 ga Satumba 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ta rushe shi, alƙalai huɗu suka rinjayi ɗaya. Cikin hujjojinsu akwai cewa tana da ikon janye iƙirarinta, kuma ta haihu ne kafin cikar shekara biyar daga sakinta. Kwantaccen da ɗan boko yake yi wa dariya yana cikin abin da ya tsare ranta. Ra'ayina, duk alƙalin da ya bar shekara biyar ya koma shekara guda, lalle ne ya duba zancen sauran limamai uku a kan ciki, domin haddi ana tunkuɗe shi da shubuha, kuma shubuhar ciki tana da yawa ko ba kwanciya.

Kai kuwa, muridi, ba a naɗa ka alƙali ba. Sau da yawa yatsun da suke jan carbi da asuba su ne suke ƙirga watannin matar maƙwabci a wurin suna. Wanda ya jefi mace mai kamewa bai kawo shaidu huɗu ba, bulala 80 ce a kansa, a kuma daina karɓar shaidarsa. Ma'izu ya zo da ƙafarsa yana iƙirari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya yi ta kau da kai daga gare shi, daga baya ya nuna wa wanda ya tura shi cewa rufa masa asiri ya fi masa alheri.

Idan ka ce, to tsohon mijin fa, da za a jingina masa ɗan da ba nasa ba, ya ci gadonsa tare da 'ya'yansa? Sai mu ce, wannan tambaya ce mai nauyi, haƙƙinsa ne, shari'a kuma ba ta manta da shi ba. Ta ba shi li'ani. Ya tsaya gaban alƙali ya rantse sau huɗu shi mai gaskiya ne, ta biyar ya kira la'ana a kansa in ƙarya yake yi, sai a yanke nasabar ɗan daga gare shi. Ita ma ta rantse sau huɗu ƙarya yake yi, ta biyar ta kira fushin Allah a kanta in shi ne mai gaskiya, sai haddi ya faɗi daga gare ta. Alƙali yana zaune, ya san lalle ɗayansu ya yi rantsuwar ƙarya a gabansa, ba a kuwa umurce shi da ya tono ko wane ne ba. Sai ya raba su, kowa ya tashi ya tafi gida.

Allah ne Mafi sani. Tamat.