Ga Ɗaliban Lauya Masu Neman Wurin Koyon Aiki

Maganarmu ta wannan mako da 'ya'yanmu ce da ke ajin ƙarshe na karatun lauya a Kongo ta Zariya da Jami'ar Bayero da sauransu, waɗanda tun ba su ajiye alƙalamin jarrabawa ba hankalinsu ya tafi ga tunanin ofishin lauyan da zai karɓe su su koyi aiki.

Damuwar tana da dalili. Bayan shekara biyar a jami'a, akwai guda a Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda aka kafa a Legas a 1962, ko mutum ya faɗa Bwari ko Bagauda ko wani reshe, sa'an nan bautar ƙasa. Amma duk wannan ba ya koya wa mutum yadda zai saurari matar da aka danne wa tumunin takaba har ya gane bakin zaren maganarta. Wannan sai an zauna gaban gwani. Shi ya sa a Ingila, inda muka gaji tsarin, ba a ba mutum izinin zama lauyan ofis sai ya yi shekara biyu yana aiki bisa kulawar manya. Ga shi kuwa ofisoshin ƙwarai kaɗan ne, masu nema da yawa.

To, wanda ya kai takarda wuri biyar ba amsa, ya duba Suratul Ƙasasi. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya isa Madyana yana baƙo, ba guzuri, ba wanda ya sani. Ya tarar da mata biyu a gefen rijiya suna tsare dabbobinsu saboda cunkoso, ya shayar musu, ya koma inuwa ya kai kukansa ga Ubangijinsa. Ku lura, aikin ne ya riga addu'ar, kuma bai yi shi don a biya shi ba. Da ɗayarsu ta shawarci mahaifinta ya ɗauke shi aiki, siffa biyu ta ambata, kamar yadda ya zo a aya ta 26, watau ƙarfi da amana. Ƙarfin lauya shi ne sanin doka da iya tsara takarda ba kuskure. Amanarsa ita ce sirrin mutane da kuɗinsu da ke hannunsa. An sharɗanta wa Musa shekara takwas, in ya so ya cika goma, Ibnu Abbas kuwa ya ce mafi tsawon ya cika. Wanda za a aika wa Fir'auna ke nan, yana kiwon dabbobin wani. Ina ga mai ɗaukar wa ubangidansa fayil zuwa kotu shekara biyu ko uku?

Haka Abu Yusufu. Talauci ya kusa raba shi da zauren Abu Hanifa, har malamin ya riƙa tallafa masa da dirhamai don kada ya daina zuwa. An ruwaito ya lazimce shi shekara 17. Shi ne ya zama Alƙalin Alƙalai zamanin Haruna Rashidu, ya wallafa masa Kitabul Haraji, ya rasu a 182 bayan Hijira. A nan akwai hannunka-mai-sanda ga manyan lauyoyinmu, domin wanda ya sa yaro aiki daga safe har magariba, ya sallame shi da abin da bai kai kuɗin mota ba, bai bi sawun Abu Hanifa ba.

Waɗansu iyaye kan karya wa 'ya'yansu gwiwa da cewa aikin lauya haramun ne. Wannan ba daidai ba ne. Wakilci a wajen shari'a babi ne sananne a fiƙihu, yana nan cikin Tuhfa ta Ibnu Asimi da alƙalanmu ke aiki da ita. Abin da aka hana shi ne tsaya wa maha'inta, kamar yadda aya ta 105 ta Suratun Nisa'i ta nuna. Hadisin Ummu Salama ma ya bayyana cewa wanda ya ci haƙƙin ɗan'uwansa da iya magana, yankin wuta aka yanka masa, ko da Annabi ne da kansa ya yi hukuncin.

Saboda haka, ya kai ɗalibi, yadda ake bincikenka kai ma ka yi bincike. Tambayi magatakardan kotu da waɗanda suka taɓa aiki a ofishin: shin mai shi yakan koya wa mai shaida ƙarya? Yakan ja shari'a da neman ɗage zama don ya gajiyar da mai gaskiya? In haka ne, kada girman allon ƙofarsa ya ruɗe ka. Ƙaramin ofis a Gusau ko Azare, inda za a zaunar da kai a gyara maka rubutunka layi-layi, ya fi maka. Ka yi istihara kafin ka amsa, ka kuma nemi a faɗa maka tun farko ko za a bar ka ka fita sallar Juma'a a kan lokaci.