Sai Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiya mai zurfi da azumi a bakinsa ya san inda maganar nan ta dosa. Gugan farko yakan fito salin-alin. Kafin na goma, igiya ta ci tafin hannu, gwiwa ta soma rawa, ido ya fara ganin duhu. Galibi kan jari ake kawo karin maganar, ni kuwa 'yan agajin Sudan take tuna mini.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF, matasan unguwanni suka kafa ɗakunan agajin gaggawa. Su ke girki a takaya, wato wuraren dafa abincin sadaka da suka gada daga zawiyoyin sufaye. Su ke kai majinyaci asibiti, su ke binne mamaci. Sunan wannan haɗin hannu a wurinsu nafir, abin da muke kira gayya. Sai dai gayyarmu ta yini guda ce, a yi noma, a sha fura, a watse. Tasu ta ci shekaru.

Dubi saurayin da ke juya tukunya tun asuba. Layin kwanuka ya kai ƙarshen lungu, ludayi ya fara kankarar gindin tukunya, kuma ya san fuskar kowane mutum da ba zai samu ba, don maƙwabtansa ne. Da dare barci ya gagara. Abin da ya fi cin ransa shi ne ganin da yake yi in ya kwanta ya ci amana, ko kuwa imaninsa ne ya yi rauni.

Wannan tunani kuskure ne. Buhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ga igiya ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu a masallaci, aka ce ta Nana Zainab ce, takan riƙe ta in ta gaji da sallar dare. Ya sa aka kwance, ya umarci mutum ya yi nafila gwargwadon kuzarinsa, in ya gaji ya zauna. Sallah ma ke nan, balle aikin ludayi. Ruwan cikin ɗan agaji shi ne barci, da kuka in ya zo, da aminin da zai amayar wa abin da idonsa ya gani, da sakankancewa cewa Allah ke ciyar da unguwar, shi sanadi ne kawai.

Amma ba a hutawa sai da mai karɓar igiya. Da Amurka ta dakatar da tallafi a farkon 2025, ɗaruruwan takaya suka rufe, nauyin ya koma kan 'yan kaɗan da suka rage. Da yawanmu muna da dangi a Sudan, daga Mai Wurno har Hartum. In ka samu ɗayansu mai aikin agaji a waya, kada ka tsaya kan "Allah ya ba da lada". Tambaye shi rabonsa da barci, ka saurare shi har ya gama, sannan ka aika da abin da ya sawwaƙa.