Wurin da Ido Ba Ya Gani, Hannu Yake Kwana

Wanda duk ya kalli mai kaɗa jitar lantarki, a wurin biki ko a waya, gabanta yake gani: fenti ja ko fari yana ɗaukar ido, ƙarafuna na walƙiya, tsirkiya shida a miƙe. Bayan wuyanta kuwa, wato bayan doguwar sandar da makaɗi ke runguma da tafin hannu, ɗan kallo bai san da shi ba. A nan babban yatsan makaɗi yake hawa da sauka tun daga farkon waƙa har ƙarshenta. A kan wannan ɗan wuri makaɗan jita suka rabu gida biyu shekara da shekaru: wasu na son a bar shi da sheƙi, wasu na son shi dushi-dushi.

Ga yadda ake yin su. Idan an gama sassaƙa wuyan, sai a fesa masa wani ruwan fenti garai-garai, shafi bisa shafi, a bari ya bushe, sannan a goge da inji har mutum ya ga fuskarsa a ciki. Mai sheƙi ke nan. Shi kuwa ɗayan, ana zuba wa ruwan wani gari mai laushi da ke kashe ƙyalli, ko kuma a ƙi goge shi, sai ya fito ba walƙiya. Jitocin da suka yi suna a duniya, Les Paul ta kamfanin Gibson da ta fito a 1952 da Stratocaster ta kamfanin Fender da ta biyo baya a 1954, da sheƙi aka san su, don irin fentin da ake fesa wa motoci a Amurka a lokacin shi aka fesa musu. Wajen ƙarshen shekarun 1960 Fender ta koma wani shafi mai kauri da ƙarfi, dangin roba, wanda ya fi jure wahala.

Ido zai rantse cewa mai sheƙin ya fi sulɓi. Hannu ya san ba haka ba ne. Da zarar tafin hannu ya fara zufa, sai fata ta lafe a jikin abin da ya yi sumul, ba wata 'yar kafa da iska za ta shiga tsakani, sai yatsa ya riƙa cijewa yana ƙara. Mai dushi-dushin yana da ɗan kaushin da ido ba ya iya gani, fata ba ta kwanta masa gaba ɗaya, shi ya sa hannu ke zarcewa. Saboda haka ake samun makaɗin da zai zuba kuɗi masu yawa ya sayi sabuwar jita, ya isa gida, ya ɗauko samfefa mafi laushi ya bi bayan wuyan da ita har sheƙin ya mutu. Eddie Van Halen, shahararren makaɗin Amurka da ya rasu a 2020, an san shi da son wuyan da ba a lulluɓe shi da fenti ba, kuma kamfanin Music Man yana fitar da jitoci da yawa da mai da kaki kawai aka shafa wa bayan wuyansu.

Kada a ɗauka wannan zancen Turawa ne kaɗai. Mdou Moctar, Buzun nan na yankin Tahoua da yau ake cika filaye don jin kiɗansa a Turai da Amurka, da kansa ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, kuma a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008. Mai kaɗa jita a bikin aure a Agadas ko Maraɗi cikin watan Afrilu, zafi ya haura maki 40, awa uku hannu bai huta ba, shi ya fi kowa sanin bambancin wuyan da ke sakin hannu da wanda ke riƙe shi.

Mu nan ƙasar Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, wadda ta fitar da Narambaɗa na Tubali da Kassu Zurmi, jitar lantarki ba ta cika yawa ba, amma ilimin nan tsoho ne a wurinmu. Sandar garaya da ta molo da ta gurmi, har da ta kuntigi irin na marigayi Ɗanmaraya Jos, itace ne tsurarsa, an kankare shi an bar wa hannu sauran aikin. Inda abin ya fi fitowa fili shi ne ƙota. Je ka layin maƙera da masassaƙa a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis gab da faɗuwar damina, ka tsaya kusa da dattijon da ya zo sayen ƙotar hauya. Ba kallonta yake yi ba. Zai damƙe ta, ya jijjiga ya ji nauyinta, ya bi ta da tafin hannu daga sama har ƙasa yana neman inda gizago ya bar tudu, ya tambaya ko marke ce ko ƙirya. Idan ka miƙa masa wadda aka shafe da man ƙyalli, zai mayar maka. Ya san abin da leburori suka sani game da shebur da diga na kanti, masu zuwa da ƙota tana walƙiya: kafin azahar sun tayar wa mutum bororo, domin shafin ba ya shan zufa, fata ce kawai ke ta gurzuwa a kansa. Lebura mai wayo da fasasshiyar kwalba yake kankare shafin nan kafin ya fara aiki.

Ba a kan komai sheƙi yake da laifi ba, gaskiya ce a faɗe ta. Shafi mai kauri yana tsare itace daga laima. A ƙasar da hunturu ke busar da katako har ya tsage, damina kuma ta kumbura shi, wuyan jitar da aka bari tsirara yana iya karkacewa, kuma idan ya karkace sauti ya lalace. Akwai kuma masu busasshen hannu da sheƙi ba ya damunsu ko kaɗan, har sun fi jin daɗinsa. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wuyan nan mai dushi-dushi, idan aka shekara ana kaɗa shi, shi ma sheƙi yake yi, daidai wuraren da yatsa ya fi bi. Haka ƙotar da ta ga damina biyar take yin baƙi tana ƙyalli a mariƙa. Wannan sheƙin ba ya cin hannu, domin hannun ne ya yi shi, a inda yake buƙata, gwargwadon yadda yake buƙata.

To, mai jita shi ke saye shi ke kaɗawa, manomi shi ke zaɓen ƙotarsa shi ke noma da ita, don haka kuskurensu ba ya daɗewa. Matsala tana faruwa ne idan mai zaɓe daban, mai amfani daban. Dubi tayil ɗin da muke shimfiɗawa yanzu a gidaje da masallatai. Mai gini ko ɗan kwamiti ya shiga kanti a Gusau ko Ƙaura, mai kaya ya ɗaga masa mai walƙiya ya ce, "Alhaji, wannan ya fi fitowa." Ya fi fitowa kuwa, a bushe, a ƙarƙashin fitilar kanti. Sai a kai shi bakin famfo, a makewayi, a wurin alwala, a matakalar shiga masallaci. Tayil mai sheƙi idan ruwa ya kwanta a kansa santsi yake yi, ƙafa ba ta samun abin kamawa. Wanda zai taka shi da asuba da jiƙaƙƙiyar ƙafa, tsoho ne mai ciwon gwiwa, ko makaho, ko mace mai juna biyu, ko yaron da ya fito da gudu. Karayar ƙugu ga mai shekara 70 ba ƙaramin abu ba ne, sau da yawa daga ita ba a sake tashi. Kuma a yawancin garuruwanmu mai ɗori ne farkon wanda za a nema, asibitin da zai iya aikin ƙashi yana da nisa, hanyar ma ba kullum take biyuwa ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, mai kaushin yana nan a kanti ɗaya, sau da yawa kuɗinsu bai bambanta sosai ba. Ba a ɗauke shi ba ne kawai don bai yi kyau a ido ba, kuma ba a tambayi mai takawa ba.

Ina roƙon magina da masu gida da kwamitocin masallatai na Ƙaura da Shinkafi da Zurmi: a kai mai sheƙin jikin bango, inda ido kaɗai ke hulɗa da shi. Duk inda ruwa zai zuba kuma ƙafa za ta taka, kafin a biya kuɗi a ajiye tayil ɗaya a ƙasa, a watsa masa ruwan buta, a cire takalmi a taka.