Teburin mai shayi da ƙarfe uku na dare

Mu Hausawa muna da wani bugun ƙirji, wai kaɗaici ciwon Turawa ne. Muna da fada, muna da biki da suna, gaisuwarmu ma sai ta bi ta kan gajiya da iyali da sanyi kafin a zo kan magana. Da rana duk gaskiya ne. Amma mai son gwada zancen ya tsaya bakin kwalta a Birnin Ƙonni da ƙarfe uku na dare, inda babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ta haɗu da wadda ta fito daga Sakkwato, ya dubi teburin mai shayi.

Ƙwan lantarki ɗaya ne a rataye. An jera gwangwanayen madara hawa-hawa, ga burodi cikin leda, ga kiret ɗin ƙwai, tukunya na ta tururi. Mutum huɗu ne a benci: direban tirela da ya ɗauko albasa daga Galmi, yaron motarsa, wani ɗan kabu-kabu da bai cire hular sanyi ba, da wani dattijo da ƙurar siminti ta yi wa furfura har a gira. Da ganinsa ka san daga Malbaza ya fito, inda ake sarrafa siminti tun shekarun 1960. Kafaɗa na gogar kafaɗa. "Baba, a ƙara suga?" "A'a, ya isa." Hirar ke nan. Mai shayin na ɗaga kofi sama yana tsiyayawa cikin wani, yadda ya yi jiya, yadda zai yi gobe, idonsa ba ya kan kofin, ba ya kan kowa.

A 1942 wani mai zane ɗan Amurka, Edward Hopper, ya zana kusan wannan zaman. Sunan zanen Nighthawks, yana rataye a gidan adana zane na Chicago. Shagon cin abinci ne a kwanar titi, dare ya tsala, mutum uku na zaune, ma'aikaci ɗaya na bayan kanta. Haske ya yi musu yawa, titi kuwa wayam. Akwai namiji da mace dab da juna, amma ba mai kallon wani. Ka gama dube-dubenka, ba za ka ga ƙofar fita titi ba.

Ƙonni ba ta rasa masu zane ba. Su ne ke zana kawuna masu aski iri-iri a allon shagon aski, da kaza a ƙofar gidan abinci, da zaki ko gaggafa a bayan gingimari. Wasunsu hannunsu ya faɗa sosai. Sai dai abin da mai shago ya biya shi ake zana masa, kuma ba wanda ke biyan kuɗi a zana masa jira. Alhali jira ne rabin rayuwar garin iyaka. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, da aka rufe iyaka da Najeriya, manyan motoci suka yi jerin gwano a Illela ta Sakkwato (ba Illelar Tawa ba), direbobi na kwana a tabarma ƙarƙashin mota, kaya na lalacewa a kansu, ba a buɗe ba sai a Maris 2024. An ɗauki hotuna da waya ba iyaka, an tura, an goge. Mai zane da ya zauna zai kwana biyu kan yadda mutum ɗaya ya tallafe haɓarsa, dole ya san shi.

Zana irin wannan ba abin da ya gagara ba ne. Chéri Samba na Kwango da zanen allunan talla ya fara a Kinshasa, ya koma zana rayuwar unguwarsa, har aka baje aikinsa a Paris a 1989. Fentin da katakon duk ana samunsu a kasuwar Ƙonni. Matsalar mai saye ce. A gidajenmu da yawa ba a rataye surar mai rai a ɗaki, sai hoton Ka'aba da ayoyi, wanda ma bai damu da wannan ba zai ce me zai yi da hoton direba mai gyangyaɗi. Ko da wani yaro ya zana shi, Yamai za a kai allon, ko a ƙetara da shi Faransa, direban kuwa yana can hanyar Agadas da wani lodin.