Farashin Ichiro da Darajarsa

A 2007 ƙungiyar besbol ta Seattle Mariners a Amurka ta sabunta kwantiragin Ichiro Suzuki, ɗan Japan, na shekara biyar a kan dala miliyan 90. A 2015, yana da shekara 41, Miami Marlins ta ɗauke shi shekara ɗaya a kan miliyan 2. Shin darajarsa ce ta zube haka?

Masu riƙe da lalitar ƙungiya suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Mai tsaron bayan fili irin Ichiro da ƙafarsa yake ci. Yana tsaye can nesa, da jin ƙarar sanda sai ya zabura ya tari ƙwallo tun tana sama, ya wurgo ta ciki kafin mai gudu ya isa. Taku ɗaya ya ragu masa, ƙwallo ta sha ƙasa. Ƙungiya kuwa gobe take saye, ba ta biyan kuɗin jiya, ko da jiyan ta ƙunshi bugu 262 da Ichiro ya yi a 2004, tarihin da har yau ba a karya ba.

Abin da ke ci wa mutum tuwo a ƙwarya shi ne yadda harshen ciniki ke tsallakawa daga ƙafar ɗan wasa zuwa kansa, har magoya baya su riƙa cewa "ya ƙare". Tun 1785 Immanuel Kant, masanin falsafa Bajamushe, ya raba abu biyu: mai farashi, wanda ake iya musanya shi da makamancinsa, da mai mutunci, wanda ba shi da madadi. Gudun Ichiro yana da madadi, matasa sun cika fili. Mutumin da ya yarda da zaman benci yana ci gaba da atisaye, har ya cika bugu 3,000 a Agustan 2016, ba ya cikin wannan lissafi.

Wani mai tsaron bayan fili, Curt Flood, ya ƙi yarda St. Louis Cardinals ta miƙa shi ga Philadelphia a 1969, yana mai cewa shi ba kadara ba ne. Kotun Ƙolin Amurka ta kayar da shi a 1972, amma daga 1975 'yan wasa suka fara samun 'yancin zaɓar inda za su. 'Yancin nan ya azurta su ƙwarai. Shi ne kuma ya sa tsohon ɗan wasa yau yake shiga kasuwa da ƙafarsa, ya zauna a taya shi, ya ji da kunnensa nawa aka rage.