Idon da Ba Ya Barci a Kan Yaron da Ba Ya Iya Gudu

Akwai wata 'yar shimfiɗa da ake sawa a ƙarƙashin matashin keken guragu, mai auna yadda nauyin jiki ke danne fata. Idan yaro ya daɗe zaune bai muskuta ba, sai wayar uwarsa ta yi ƙara ko tana kasuwa, domin irin wannan zama shi ke jawo gyambon da kan ci nama har ƙashi. Akwai kuma na'urar ɗaurawa a hannu, mai sanar da faɗuwa. Wanda ke ganin wannan ya saɓa wa tawakkali, amsarsa gajeriya ce: riƙon sababi ne, kamar ɗaure raƙumi kafin a bar wa Allah tsaronsa.

Inda gizo ke saƙa shi ne sirri. Za a ce yaro ba shi da abin ɓoyewa ga mahaifiyarsa, balle a kira kulawarta tajassusin da Suratul Hujurat ta hana. Maganar tana da ƙarfi, amma ta manta da abu guda. Yaro mai ƙafa yana ƙwatar sirrinsa da kansa. Ya sulale zuwa dandali, ya yi rigima, ya yi kuka a bayan katanga, ya goge ido ya dawo, babu wanda ya sani, kuma a irin waɗannan wurare yake koyon zama mutum. Yaron da shan inna ko lalurar ƙwaƙwalwa ta zaunar ba shi da sirri sai wanda aka bar masa. Ana ɗaga shi, ana yi masa wanka, ana kai shi bayan gida. In aka ƙara masa kyamara da makirufo a ɗaki, ɗan abin da ya rage ma ya tafi.

Shi ya sa nake ganin iyakar sa ido ita ce larura, wadda malaman fiƙihu suka ce ana auna ta gwargwadonta. Na'urar da ke gadin fata da faɗuwa tana cikin larura, mai naɗar hira da abokai kuwa ta wuce gona da iri. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu buƙata ta musamman ta tanadi kare sirrinsu, da jin ra'ayin yaran da ke cikinsu gwargwadon shekaru da hankali. Yaron da ya kai a umarce shi da salla a shekara bakwai, ai ya kai a nuna masa abin da na'urar ke aikawa, da wayar wa take aika wa, da maɓallin da zai danna idan yana son a ƙyale shi na rabin sa'a.