Hakkin Tsohon Makaɗi A Kan Masoyansa

A ƙasar Kazaure, kamar Roni da Gwiwa da ƙauyukan da ke kewaye da su, sau da yawa akan tarar da dattawa zaune a ƙofar gida bayan sallar lisha, wani yaro ya kunna musu tsohon kiɗan gurmi ko na kukuma a wayarsa. Da sun ji, sai hira ta tsaya. Wani ya girgiza kai, wani ya ce da wannan kiɗa aka kai amaryarsa. Can sai wani ya tuna da wani gwani na nan kusa, wanda ya yi zamaninsa a bukukuwa da kasuwanni, yanzu kuwa ya tsufa ya rataye gurminsa a bangon ɗaki. Nan take kowa ya shiga yabonsa, ana cewa ba a sake yin kamarsa ba. Amma in aka tambaya wa ya taka ya gaishe shi a bana, sai a yi shiru.

To, wannan yabo da wannan shiru su ne abin dubawa. Shin mutumin suke so, ko kuwa daɗin da suka ji a hannunsa? In kuwa shi suke so, mene ne hakkinsa a kansu yanzu da ya daina kiɗa?

Yabon gwani ya zama dole, domin kiɗan tsarkiya aiki ne mai wuya. Kukuma ƙoƙo ne da fata da izgar doki, goge kuwa babban wanta ne. Kuntigi tsarkiya ɗaya tak gare shi, a kan gwangwanin kifi ma ake ɗaura shi, amma da shi Ɗan Maraya Jos ya zaga duniya kafin ya rasu a 2015. Haruna Uji na Haɗeja da gurmi ya yi suna, Garba Supa da Hassan Wayam da Ahmadu Doka kuwa da kukuma. Kowane ɗayansu ya yi shekaru yana koyo, yatsu suna kanta, kafin abin ya yi magana a hannunsa. Tun da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, kiɗan irin waɗannan mutane ya shiga ƙauyukan da ƙafarsu ba ta taɓa takawa ba, daga faifan garmaho ya koma kaset, daga kaset ya koma waya. Saboda haka wanda ya so gwani bai yi wauta ba. Ya ga baiwar da Allah ya yi wa bawansa ne, ya shaida.

Amma fa kiɗa yana da wa'adi. Wani tsufa ke raba shi da shi, yatsu su sandare, kunne ya yi nauyi. Wani ciwo ne. Wani kuma da ƙarfinsa yake ajiyewa, don ya ga ya fi masa ya koma ga gonarsa da carbinsa. Ranar da makaɗi ya ajiye kayan kiɗa, ranar ce akan gane masoyansa, domin sukan rabu kashi uku.

Kashi na farko su ne masu mantuwa. Su daman sautin suke bi, in ya ɗauke a nan sai su juya inda ya tashi. Ba sa nufin kowa da mugunta, sai dai ba su san akwai bashi a kansu ba.

Kashi na biyu su ne masu naci. Waɗannan sukan je har gida, su durƙusa su ce, "Baba, a ɗan taɓa mana ko sau ɗaya, mu tuna da." Tsoho ya ce, "'Ya'yana, yatsun sun ƙi." Su ce ai gwani ba ya tsufa. Suna ganin ƙauna suke nuna masa, alhali kuwa ƙuruciyarsu suke nema, suna zaton tana ɓoye cikin ƙoƙon gurmi. In ya ji nauyinsu ya ɗauka, hannu ya kasa abin da ya saba, su za su tashi su tafi gida, shi za a bari da baƙin ciki. In kuwa don Allah ya ajiye, to nacin ya fi muni, domin suna jan mutum ne zuwa ga abin da zuciyarsa ta riga ta bari. Irin wannan so ne Hausawa ke nufi da suka ce so duka so ne, amma son kai ya fi.

Kashi na uku su ne masoya na gaskiya, su ne kuwa mafi ƙaranci. Su sukan je gaisuwa ba da roƙon kome ba. In ba shi da lafiya su kai shi asibitin Kazaure, in kaka ta yi su auna masa hatsi, ran salla su aika da 'yar riga. In ya so hirar da, su saurara. In bai so ba, su yi masa zancen damina.

Wannan al'amari kuwa ba a ƙasar Hausa kaɗai yake ba. Mutanen Arewa da yawa sun saba jin waƙoƙin Don Williams na Amurka a rediyo. Cikin irin wannan kiɗa akwai wata murya mai kama da kukan kukuma. Wata irin jita ce da ake kwantar da ita a kan ƙafafu kamar ƙaramin tebur, makaɗin ya zauna yana goga mata guntun ƙarfe. Ɗaya daga cikin manyan gwanayenta, Buddy Emmons, ya bar kiɗa a 2007. Maimakon a tilasta masa ya koma, sai abokan sana'arsa suka taru a 2013 suka yi faifai guda don girmama shi tun yana da rai. Ya rasu a 2015, bayan ya ji yabonsa da kunnensa. Sun bar shi ya huta, sun kuma raya abin da ya bari.

Wani zai ce, ai baiwa amana ce, jama'a suna da rabo cikinta, don me mai ita zai rufe ta a ɗaki? Amsa ita ce, wanda ya yi shekara talatin ko arba'in yana faranta wa jama'a rai ya riga ya sauke amanar. Ba a ce wa tsohon maƙeri ya ci amana don ya bar wa ɗansa uwar maƙera. Abin da ya rage a kan makaɗi shi ne ya koya wa na baya in ya yarda da hakan. Sauran nauyin duk ya koma kan waɗanda suka amfana da shi, domin kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

A nan ne kuwa ya kamata Hausawa su duba kansu. Ana son kiɗa, amma ana raina makaɗi. A yi masa liƙi a filin biki, gari ya waye a kira shi maroƙi, in ɗansa ya zo neman aure a hana shi. Ma'aikacin gwamnati in ya bar aiki yana da fansho, makaɗi kuwa ranar da ya ajiye, ranar abincinsa ya yanke. Gaskiya ne Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Mamman Shata digirin girmamawa tun kafin rasuwarsa a 1999. Amma masu kalangu da 'yan amshin da suka yi shekaru a bayansa, mutum nawa ne zai iya kawo sunan uku daga cikinsu? In haka ta sami na bayan Shata, ina ga mai gurmin ƙauye wanda ko faifai ɗaya bai taɓa yi ba?

Hakkin tsohon makaɗi dai ba shi da wuyar saukewa. A ziyarce shi, tun da zumunta a ƙafa take. A taimake shi ta hanyar da ba zai ji kunya ba. Kada a matsa masa ya koma ga abin da ya bari. Wanda ya iya rubutu kuma ya zauna da shi, in ya amince, ya rubuta inda aka haife shi, da wanda ya koya masa, da garuruwan da ya yi wasa, don kada labarinsa ya bi shi kabari. Ko wanda jiya ya gama ajin yaƙi da jahilci zai iya wannan da fensir da ɗan littafi.

Dattawan da ke yabon gwani a ƙofar gida ba su yi laifi ba, sai dai yabon bai isa inda aka aike shi ba. Tsakanin Roni da ƙauyen da tsohon yake, watakila tafiyar ba ta fi ta hantsi ba. Wanda ya ce yana sonsa, sai ya tafi tun yana iya amsa sallama. Allah ya sa a dace, amin.